Fuskar da Iya Take Gogewa

A gidanmu na Gwammaja, idan an sauke tuwo, kakata Iya ba ta barin wutar murhu ta mutu. Sai ta jawo kujerarta 'yar tsugunno, mu kuma mu kewaye ta, ko hannu ba mu wanke ba. "Ga ta nan ta iso," take cewa, "wanda ya yi gyangyaɗi shi ya jiyo."

Tatsuniyar da ta fi zauna mini ita ce ta mutumin da gari ya ba amanar rumbun iri a shekarar yunwa. Kullum sai ya ɗebi kaɗan ya dafa, wai gobe zai mayar. Da ruwan farko ya sauka aka buɗe rumbu, sai ƙaiƙayi. In ta zo kansa, Iya takan karkace baki, ta kanne ido, muryarta ta koma ta wani mugu da ban sani ba. Ran nan na fashe da kuka, na ƙi yarda ta taɓa ni. Sai ta shafa fuskarta da tafin hannu, daga goshi har haɓa, ta yi dariya. "Kai, matsoraci! Na goge shi. Ni ce dai Iyarka." Tun daga ranar ba ta ƙara rufe tatsuniya ba sai ta yi haka.

Yanzu shirya fim nake yi. Bara na ɗauko labarin nan, na roƙi Baba Habu, tela a Gwale kuma aminin mahaifina, ya fito a mai rumbu. Mutum ne da ko yatsa ka sa masa a baki ba zai ciza ba. Mun ɗauki inda ya dawo yana neman gafara, amma wajen tace fim ɗin na yanke wurin, wai don ƙarshen ya fi zafi. Na rufe a kan murmushinsa, baki a karkace.

Fim ya karɓu. Yara suka fara bin sa da "Maci amana". Mata suka daina aiko masa ɗinki, wata har tana cewa mai irin wannan murmushi ba koyonsa ya yi ba. Sallah ta zo, keken ɗinkinsa shiru.

Na je shagonsa na ce, "Baba, ai kowa ya san wasa ne."

Bai ɗago ba. "Kai ka sani, ɗana. Su abin da ka nuna musu suka gani."

Abin yana ci na har yau. Iya ba ta sake barin mu kwanta da fuskar mugu ba. Ni kuwa na ɗora wa dattijo ita, na aika ta cikin wayoyin mutanen Kano, kuma ba ni da tafin hannun da zai goge ta.