Takardar Cikin Kwalin Wayar Yaya Rabi

Bana shekara tara ke nan da rasuwar Yaya Rabi, amma har yau in na ga mace ta zura hannu cikin rigar mama ta zaro waya, sai gabana ya faɗi.

Yayata ce, ciki ɗaya. Tana aure a Roni, sana'arta ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, ni kuma ina koyarwa a firamare a Kazaure. Ni na saya mata wayar, 'yar ƙarama mai tocila, don na gaji da ba direbobi sallahu. Hannunta kullum cikin mai yake, zane kuma ba shi da aljihu, sai take ajiye ta a ƙirji kamar sauran matan unguwarsu. In na kira takan ce, "Ga Binta nan tana ƙwanƙwasa mini zuciya."

Wata Asabar na je gaishe ta, ta ja ni ɗaki ta ɗora hannuna a mamanta na hagu. Na ji ɗan ƙullutu kamar ƙwayar gurjiya. Ta ce ba ya ciwo. Nan take na tuna kwalin wayar, wanda take zuba allura da zare a ciki. Takardar da ta zo da wayar tana ƙasa a ninke, ba wanda ya taɓa buɗe ta. Na zaro ta na karanta. Da Turanci aka rubuta cewa waya tana fitar da wani tururi da ido ba ya gani, cewa hukumomi sun sa masa iyaka kuma wannan wayar ba ta wuce iyakar ba, sannan in za a ɗauke ta a jiki a bar ɗan tazara. Na tsallake na farko da na biyu, na cafke na ƙarshe.

Na ce, "Ai ga shi nan, Yaya! Su kansu masu wayar sun ce kada a manna ta da jiki."

Ta ce, "To in na daina, zai baje?"

Na ce, "Zai baje mana."

Wallahi haka na faɗa, da muryar da nake yi wa 'yan aji uku magana. Takardar ba ta ambaci ƙullutu ba, ba ta ce komai zai baje ba. Ni na ƙara wannan daga kaina. Yaya ta yi ajiyar zuciya ta ce bokona ya yi rana. Ta ɗinka wa wayar 'yar jaka, ta rataye a ƙusa, ta koma kan tuyarta hankali kwance. Damina ta zo ta wuce, kullum na tambaya sai ta ce da sauƙi, ni kuma da son jin hakan ban matsa ba.

Lokacin da mijinta ya kai ta asibiti a Kano, abin ya riga ya bazu. Likitan ya tambayi dalilin jinkirin, na faɗa masa kaina a ƙasa. Bai yi mini faɗa ba, da ma ya yi. Ya ce har yanzu ba a tabbatar waya tana kawo wannan ciwo ba, kuma ko mene ne sanadi, ƙullutu asibiti ake kai shi. Na san kwana ne ya ƙare, ban ja da hukuncin Allah ba. Amma watannin nan da bakina na cinye mata su, kuma ba ta taɓa yi mini gori ba har ta cika.

Da tana raye yau, da ta ga abin mamaki. Kusan kullum sai an turo mini murya a waya, wani yana rantsuwa cewa waya tana dafa ƙwaƙwalwa, ta cikin wayar kuma yake faɗa. Na san dariya za ta yi, ta ce duk kun zama Binta. Ni kam abin ba ya ba ni dariya. Wanda ya ga dama ya nisanta waya da jikinsa, ba laifi, takardar ma haka ta ce. Tsorona shi ne matar da za ta ji, ta sauya wa waya wuri, ta ɗauka ta sha magani.

Makon jiya Hadiza 'yar Yaya, wadda na aurar bara, ta zo gidana. Muna tsinke zogale ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Inna, na ji wani ɗan abu a nan. Amma kada ki damu, na daina sa waya a wurin."

A gidansu ta taso tana ganin jakar nan a ƙusa. Maganata ce ta dawo mini, bayan shekara tara, da muryar Yaya.

Ban ko wanke hannu ba na ɗauki mayafi na tare adaidaita, muka nufi asibiti. An duba ta, an ɗebi abin da za a gwada, an ce mu koma ranar Talata. Ban san me za su ce ba, kuma a hanya da ta tambaye ni ko zai baje, na ce mata ban sani ba.

Allah Ya haskaka kabarinki, Yaya. Wannan karon na kai ta.