Awo a Kan Kambu

Shekarun baya, a wata damina da hatsi ya ƙare a rumbuna tun ba a gama noman farko ba, ma'aikatan lafiya suka zo ƙauyenmu a yankin Urafan, suka raba wa mata wani ɗan zaren awo na roba. A damtsen yaro ake zagaya shi. Yana da lambobin milimita da launi uku. Kore lafiya lau, rawaya a sa ido, ja kuwa, wato ƙasa da ɗari da goma sha biyar, a kai yaro likita a ranar.

Ni tela ne a Tasawa. Ban wuce aji shida a lakwal, wato makarantar boko, ba, amma awo dai na san shi, har abokaina na cewa ko gaisuwa sai na sa mata mita.

Ƙanena ya tafi ci-rani bai dawo ba har damina, ya bar matarsa da ɗansu wurin mahaifiyata. Matar ce aka koya wa awon. To amma yaron ɗan fari ne, ko sunansa ba ta faɗa, balle ta riƙe hannunsa tana dubawa a gaban surukarta. Sai ta miƙa wa mahaifiyata zaren, ta gaya mata launukan, ta koma gefe. Duk Juma'a tsohuwa ta auna, duk wanda zai zo Tasawa ta ba shi saƙo: a gaya wa Tela miji na nan kore shar. Haka take kiran jikan nata, miji.

Ranar wata kasuwa na je gida. Na tarar da yaron kwance a tabarma, gashinsa ya yi ja, bai ko ɗago ya dubi alawar da na kawo ba.

Na ce, "Inna, auna shi in gani."

Ta ce, "Kai dai da bin diddigi. Ni da na goye ku duka?"

Ta ɗauko zaren. Da farko ta zaunar da shi a cinyarta, sannan ta nemo tsakiyar damtse, daidai yadda aka ce. Sai dai a nan ne kambunsa yake, wata laya ta fata mai kauri da ta ɗaura masa tun bayan suna. A kan kambun ta zagaya zaren. Ta nuna mini tana murmushi: ɗari da ashirin da shida, kore.

Na ce, "Cire kambun."

"A'a. Wannan ba ya barin jikinsa. Shi ke tsare shi."

"To ja shi ƙasa kaɗan."

Ba ma sai da aka ja ba. Ta taɓa shi kawai ya sulale har gwiwar hannu. Na zagaya zaren a kan fata, ban matse ba, ban saki ba. Ɗari da takwas.

Daga bayan zana na ji muryar matar ƙanena, wadda ba ta taɓa yi mini doguwar magana ba: "Yaya, na ga yana ramewa. Na kasa faɗa ne."

Muka ɗauke shi a moto, wato babur, zuwa asibitin Tasawa, uwar ta rungume shi a gaban kowa. An ba shi madara, an yi duk abin da ake yi. Bai cika mako ba Allah ya karɓi abinsa.

Ba na zagin kambu, ba na zagin kunya, da su aka raine ni. Abin da nake gaya wa duk mai riƙe da abin awo shi ne, zare ba ya sanin fata daga laya, abin da ka zagaya shi zai faɗa maka. Kauri kaɗan ne, bai kai rabin santimita ba, ya mayar da ja kore har tsawon damina.

Bayan sadakar arba'in mahaifiyata ta kira ni ɗakinta. Ta ce, "Tela, kai ba ka ɓoye magana. Da na cire, da yana nan?"

Na ce, "Inna, kwanansa ne ya ƙare."

Ta daɗe tana kallona. Ba ta sake tambayata ba har ta rasu, ni ma har yau ban san ko ta yarda ba.