Zaren da Na Sayo wa Baba

Baba masunci ne, amma ba ya jefa ƙugiya a sarari. Wurinsa shi ne ƙarshen tafki, inda ruwa ya shanye wata tsohuwar gona, kututture da rassa birjik a ƙarƙashi. Can manyan tarwaɗa ke ɓuya, kuma da ɗaya ta haɗiyi ƙugiya sai ta ruga cikin rassan, ta yi ta goga zaren har ya tsinke. Shi ya sa zarensa kauri gare shi kamar na ɗinkin buhu. Abokansa na tsokanarsa wai saniya yake nema a ruwa. Kafin ya ɗaura sabo, sai ya goga shi a jikin ƙofa, ya bi shi da leɓe ya ji ko ya yi kaushi.

Ya haura saba'in, ido ya fara hazo, sau ɗaya ma kwale-kwale ya kife da shi. Mun roƙe shi ya bar ruwa har bakinmu ya gaji. Baba kunnen ƙashi gare shi.

Ni ce auta, ni yake aike kanti tun da ya daina ganin lambar jikin zare. Rannan na ce wa mai kanti, "Ba ni mai kauri, amma wanda rana ta gama cinyewa." Ya dube ni, ya ɗauko wani koɗaɗɗe daga bakin taga.

Sati uku Baba na dawowa hannu rabbana. "Ta kama, Auta, ta tsinke," abin da yake cewa ke nan. A na huɗu ya jingine sandar fatsarsa bayan ƙofa. Na samu abin da nake so, amma abinci ya daina yi min daɗi. Mutumin da ba ya iya zama wuri ɗaya, ga shi yini guda yana kallon kaji.

Da abin ya ishe ni, na durƙusa gabansa na faɗa masa komai.

Bai ko ɗago ba. "Idona ne ya tafi, Auta, ba leɓena ba. Tun ranar farko na ji."

"To me ya sa ka ɗaura, Baba?"

"Tunda har kika iya yi min haka, na san tsoro ya kai miki wuya. Sai na ɗauki sati uku na yi sallama da ruwan."

Zaren yana nan rataye a ƙusa a ɗakinsa. Shi bai yar ba, ni kuma na kasa cirewa.