Kyamarar Yaya a Gwandu

Har yau in na ji ƙamshin sabuwar jakar fata sai gabana ya faɗi. Irin ƙamshin ke jikin jakar kyamarar da Yaya, babban wana, ya zo da ita daga Ingila, inda ya tafi karatun malanta. Hutu ya zo mana Kalgo a ƙarshen damina, gero ya fara nuna, ni kuwa lokacin ban fi shekara goma ba.

Ya ce abokan karatunsa sun zaga da shi tsofaffin gidajen sarakunansu, suka tambaye shi ko mu ma muna da abin tarihi. Tambayar ta tsaya masa a rai. Shi ya sa ya roƙi Kaka, mahaifin Babanmu, ya raka shi Gwandu ya ɗauko hotuna. Kaka bai so ba, amma ya yarda, aka ba ni riƙon jaka.

Motar 'yan kasuwa muka shiga bayan asuba, muka sha girgiza a kan buhunan albasa har hantsi. Kaka ya fara nuna mana ragowar ganuwa, ciyawa ta lulluɓe ta, awaki na kiwo a kai. Daga nan muka nufi hubbare, inda kaburburan manyan malaman garin suke. Wurin shiru ne, tsofaffi zaune a inuwa suna jan carbi. Kaka ya tuɓe takalma ya shiga ziyara, ya ce mu jira shi.

Yaya bai jira ba. Yana tsaye da wandonsa da kwat, ya saita kyamara a ƙofar hubbaren, sai na ji ƙyas.

Wani dogon mutum ya miƙe. "Kai, mi kaka yi nan?"

Kafin Yaya ya gama amsawa an kewaye mu. Wani ya ce Turawa suka aiko shi awon wurin don a fasa hanya. Wani ya ce so yake ya kai kaburburan bayin Allah ƙasar Nasara a yi kallo. Yaya na bayani, Turanci na suɓuce masa a baki, abin ya ƙara tunzura su. Ya zura kyamarar cikin jakar da ke wuyana, ya tura ni bayansa. Dogon nan ya kama igiyar jakar yana ja, tana shaƙe ni, na riƙe da hannu biyu. Ta gefen ido na hangi wani saurayi ya sunkuya ya ɗauki dutse.

A haka Kaka ya fito, ko takalmi bai tsaya sawa ba. Bai ɗaga murya ba. Ya bi tsofaffin nan ɗaya bayan ɗaya yana gaisuwa, yana tambayar iyali da damina, kamar babu abin da ke faruwa. Ya gaya musu mahaifinsa a garin nan yake kwance. Dogon ya saki igiya. Babbansu ya ce ba su da rigima da Kaka, amma abin da ke cikin akwatin nan ba zai bar Gwandu ba.

Kaka ya juyo. "Buɗe musu."

Yaya ya sunkuyar da kai, ya yi ƙasa da murya. "Kaka, hotonka da na Innarmu suna ciki. Ba ni da wani fim."

"Buɗe, jikana."

Yaya ya buɗe kyamarar ya zaro fim ɗin, ya warware shi a rana, hasken ya ƙone hotunan duka. Mutane suka leƙa, ba su ga komai ba sai wani zare mai duhu, suka fara watsewa. Saurayin ya yar da dutsensa.

A hanyar komawa Yaya ya juya mana baya, ya zuba wa gonaki ido. Da muka kusa Kalgo, rana ta yi ja, Kaka ya taɓa masa gwiwa ya ce, "In kamannina kake so, ga ni, dube ni da kyau." Yaya bai juyo ba. Bayan kwanaki kaɗan ya koma Ingila, Kaka kuwa bai ga wata daminar ba.

Bara na je Gwandu, na tarar da samari a ƙofar hubbaren suna ɗaukar hotuna da waya, babu mai ko kallonsu. Jikokina kuma in na ba su labarin Kaka sai su ce in nuna musu hotonsa. Nakan ce musu dogo ne, siriri, mai farin gemu. Sauran kamanninsa sun ɓace mini, kuma babu wanda ya rage da zan tambaya.