Rabin Ƙwayar Magani

Maigidana bai taɓa cin goro guda ba. Ko shi kaɗai ne a gona, sai ya ɓare shi biyu, ya ci rabi, ya jefa rabi a aljihu don amininsa. Tun ina amarya nake faɗa a kan wannan hali, don ni ke wanke rigar, ni ke tarar da busasshen goro ya rina aljihu ja. In na yi magana sai ya ce, "Ke dai wanke, ba ke aka ajiye wa ba."

Gidan aminin nan yana bayan namu, a ƙauyenmu da ke tsakanin Malumfashi da Funtua. Tare aka yi musu kaciya, tare suka yi kiwon awaki. Iyayen maigidana sun bi mishan, mu Kirista ne, shi kuwa aminin, ubansa ya musulunta tun ba a haife shi ba. Wannan bai raba musu akushi ba. Ranar Lahadi shi ke duba mana shanu har mu fito daga majami'a, ranar Juma'a maigidana ya rama masa. Har na haifi 'ya'ya uku bai daina kirana Amarya ba, ni kuma in ce masa ya kwashi abokinsa su ƙarata can, tunda ya riga ni saninsa.

'Yan shekaru bayan samun mulkin kai aka yi wata kaka da auduga ta yi kyau, sai suka shawarta su haɗa hannu su sayi garmar shanu. Suka hau wata babbar mota da ta ɗauko auduga daga kasuwarmu za ta kai injin gurza a Funtua. A lokacin haka ake yi, mutane su ɗare saman buhuna suna hira. A wata gangara motar ta ƙwace wa direba ta kife, mai ya zube, wuta ta tashi. Duk wanda ya san auduga ya san ba a kashe wutarta. Masu aiki a gonakin kusa suka jawo waɗanda hannu ya kai gare su, ciki har da maigidana da amininsa. Waɗansu ba a kai gare su ba, kuma waɗanda aka jawo suna kwance a gefen hanya suna jin muryoyinsu har suka yi shiru.

Ƙunar ta ci bayan maigidana da hannunsa na dama, har yatsu suka manne da juna. Aminin a ƙafafu ta same shi. Suka yi watanni a asibitin mishan, gado kusa da gado. Fata ta warke, aka sallame su, mutane suka yi ta zuwa barka ana cewa an auna arziki. Ni dai ina amsawa, amma mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo.

Mutumin da aka maido mini ba ya barci. Da ido ya rufe sai ya zabura yana karkaɗe jikinsa yana kiran ruwa. Ba ya iya jin ƙaurin hayaƙi, har sai da na tashi murhuna daga tsakar gida na mai da shi bayan danga. Na daina kaɗi, na ɓoye audugata a gidan ƙanwata, don in ya ga farinta jikinsa rawa yake yi. In mota ta yi ƙara can bakin hanya sai ya shige ɗaki ya toshe kunnuwa, yara suna kallo. Wannan ya fi komai ci mini rai, mutumin da ke kayar da bijimi shi kaɗai ya zama abin da 'ya'yansa ke leƙe. Fasto ya zo ya yi addu'a. Can gidan aminin aka yi rubutu aka sha. Wata tsohuwa ta kawo turaren hayaƙi wai na korar iska, ban bari ta ƙarasa bayani ba na raka ta ƙofa.

Da ruwan farko ya sauka, malamin asibitin da ya yi musu wankin ƙuna ya aiko mu zo. Wani sabon likita Bature ya iso, yana neman masu firgita bayan haɗari. Muka tafi mu huɗu, da aminin da matarsa. Muka tarar da waɗansu da yawa, wanda gini ya rufta wa, wadda gobara ta cinye wa ɗa. Likita na magana, malamin na mayarwa da Hausa.

Ya ce an kawo sabon magani daga ƙasar waje, ba a riga an tabbatar yana aiki ba, gwadawa ake yi. Ƙwaya iri biyu ce, kamarsu ɗaya, ɗaya magani, ɗaya gari ne kawai aka dunƙula. Ƙuri'a ce za ta raba wa kowa, shi kansa likitan bai san wa ya samu wanne ba sai an gama. Wanda bai yarda ba yana iya tafiya. Sharaɗi ɗaya ne, kowa ya sha nasa, kada ya ba kowa.

Bakina ba ya shiru. Na ce, "Malam, in kun san ɗaya gari ne, mi ya sa za ku ba marar lafiya? Gari ai muna da shi a gida."

Malamin ya mayar, likita ya yi murmushi ba na raini ba. Ya ce akwai masu samun sauƙi don kawai an ba su wani abu sun haɗiya, to in ba a gwada waɗannan da waɗancan ba, ba za a san ko maganin ne ke aiki ba. Daga baya na gane gaskiyarsa. A ranar dai na ɗauka rashin tausayi ne. Maigidana ya sa hannu a gwangwani ya zaro ƙuri'arsa, aminin ya zaro tasa, aka ba kowa 'yar kwalbarsa. Aka ce su riƙa dawowa ranar kasuwa a ƙara musu, a tambaye su yadda suke ji.

Ba zan manta safiyar da na farka rana ta fito, na ji minshari a gefena ba. Na fita da sanɗa na kora yara gidan kakarsu, na jefi zakara da takalmi, na zauna a bakin ƙofa ina kuka ba sauti. Sai da hantsi ya dubi ludayi ya tashi, ya ce yunwa yake ji. Sannu a hankali ya koma gona, ya koyi riƙon fartanya da hannun hagu. Da masara ta nuna, shi da kansa ya zagayo bayan danga ya tsuguna a gaban murhu ya ce in gasa masa guda.

Aminin kuwa kullum jiya i yau, sai ma rama da ya ƙara. Matarsa ta zo ta same ni a bakin rijiya tana tambaya ko akwai wani abu da nake haɗa wa nawa da shi. Na ce babu. Na riga na gane inda ƙuri'a ta faɗi. Na gode wa Allah a zuciyata na kama bakina, kuma har yau ba na jin kunyar haka. Mijina ne.

Sai na fara ganin barcin maigidana yana raguwa. Wata safiya na kai masa kunu gona, na hango su biyun a gindin ɗorawa. Ya ɗora ƙwayarsa a kan ƙarfen fartanya, ya sa 'yar wuƙa ya raba ta, ya miƙa wa aminin rabi. Shi kuma aminin, da yake ba a karɓa hannu sake, ya raba tasa ƙwayar ta gari ya miƙa wa maigidana rabi. Suka haɗiya suna hira kamar goro suke ci.

Na dire ƙwaryar har kunu ya fallatsa. Na ce, "Mi nake gani haka? Ba ku ji abin da likita ya ce ba?"

Aminin ya sunkuyar da kai. Ya ce, "Amarya, na hana shi ya ƙi."

Na ce wa maigidana, "Kai ka samu na gaske, ka sani, na sani. Ka ba shi rabin magani ka amshi rabin gari. Wanga wane irin ciniki ne? 'Ya'yanka fa?"

Bai ɗaga murya ba. Ya ce, "A gefen hanya ɗaya aka kwantar da mu. Abin da nake ji shi yake ji. In yi barci a nan, shi yana bayan dangata idonsa biyu? Ba zai bi maƙogwarona ba."

Na faɗi maganganu a ranar waɗanda ba zan rubuta ba. Na yi yaji na wuni guda a gidan yayana, na dawo don babu mai ba yara tuwo. Bai daina ba. Shi ya koma rabin barci, aminin ya samu rabin barci, har matarsa ta aiko mini da ƙwai tana godiya, na rasa inda zan sa kaina.

Wata ranar kasuwa likita ya lura wanda ya fi kowa samun sauƙi yana komawa baya. Ya tambaye shi ko yana shan maganin kullum. Na ɗan taka masa ƙafa. Maigidana ya janye ƙafarsa ya ce, ranar wanka ba a ɓoyon cibi, rabi yake sha, rabi na amininsa ne. Ya faɗa fuskarsa a sake, shi a ganinsa abin a yaba ne.

Likita ya dafe kai. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi da na samu abokin yi. Ya ce yanzu su biyun sun gauraya, ba a iya sanin mene ne ya yi wa wanne aiki, dole a cire su daga gwajin. Maganin kuma a ƙirge ake aiko shi don waɗanda ke ciki, babu rara, babu inda ake sayarwa. Na durƙusa, ni da ba na durƙusa wa kowa, na ce a ba mu ko a gefe. Idon likitan ya yi ja. Ya ce in an gama aka tabbatar, shi da kansa zai nemo mana. Ya ba su wani tsohon magani da ke sa mutum ya wuni yana layi kamar mai maye, firgitar kuma tana nan. Kafin a tsinci audugar shekarar an yi wa likitan canjin wuri.

Murhu ya ci gaba da zama a bayan danga. Maigidana ya bar gona, ya koma zaman ɗaki. Ana cikin haka wata la'asar aminin ya kira ni bakin danga, ya miƙo mini wani ɗan ƙullin tsumma. Na kwance, sai ga rabi-rabin ƙwayoyi.

Ya ce, "Tun da na ga yana komawa baya na daina haɗiya. Ba na iya ƙin karɓa a hannunsa, kin san shi. Sai in kai hannu baki, in ya juya in soke a hula. Nasa ne. Ki ba shi, kada ki faɗa."

Na riƙa murƙushe biyu-biyu ina zubawa a kunu. Barci ya dawo, na 'yan kwanaki. Ranar da ya rage saura rabi ɗaya tak, ya kurɓi kunu da safe ya ajiye ludayi ya dube ni. Ya ce, "Ɗacin nan na san shi. Daga ina?"

Ban iya yi masa ƙarya ba. Ya ce in kawo abin da ya rage. Na ɗora masa a tafin hannu, ina murna zai haɗiya. Sai ya kife akushi, ya ɗora rabin nan a kai, ya jawo wuƙarsa. Na ce, "Don Allah kada ka yi. Rabi ne fa, mi za ka raba a ciki?" Ya riƙe wuƙar da manannun yatsun nan, ya danna. Ƙwayar ta farfashe ta zama gari, ta zube tsakanin saƙar tabarma. Na lashi yatsa ina dangwalowa, rabi magani rabi ƙasa, hawaye na hana ni gani. Shi yana zaune yana kallona, abin da ya ce kawai shi ne, "In kin samu, ki kai masa nasa."

Jikin da ba ya barci ba ya jure komai. A rani na biyu zazzaɓi ya kwantar da shi, bai tashi ba. Aminin, da ƙafafunsa masu tabo, shi ya fara sara a kabarin, dattawan majami'a suka matsa masa. Shi ya riƙa nome mini gona har ɗana na fari ya iya riƙon garma. Na yi fushi da maigidana shekaru, ina kewarsa ina fushi da shi lokaci guda, kuma ban tabbata fushin ya ƙare ba.

Bayan shekaru na shiga Funtua sayen maganin tari na jikata, na tarar mai shagon malamin asibitin nan ne, ya yi ritaya ya buɗe kemis. Ya gane ni, ya yi mini gaisuwar da bai samu yi ba. Sannan ya sauko da wata kwalba daga kanta, ya ce gwajin nan ya tabbata, maganin yana aiki, ga shi yanzu ana sayarwa. Ya zazzago guda a tafin hannuna. Fara ce, 'yar ƙarama, kamar wadda na sani. Sai dai yanzu an yi mata tsaga a tsakiya. Na tambaye shi ta mece ce, ya ce don in mutum yana so ya raba biyu, ta rabu ba tare da ta farfashe ba.