Tsohon da ya kwanta a kan ƙanena

Ni fa ba na son ɗaukar Ba'amurke a mota. Ga surutu, ga tambaya, a kunna sanyi, a kashe sanyi. Amma tsohon da wani mai masauki a unguwar Shisha, nan Makka, ya haɗa ni da shi daban yake. Baƙi ne wuluk kamar kawuna, gashi fari fat, yana dogara sanda. Aikin Umara ya zo yi. Ni kuwa kabu-kabu nake yi da tsohuwar mota, ba ni da igama, wato takardar zama, haka ƙanena da ke dako a Hindawiyya. Ɗan Turancin da na kwaso a sakandare a Kano shi ya samo mini aikin.

Alƙali ne da ya yi ritaya, sai nake ce masa Baba Alƙali. Ya ba ni labari cewa yana saurayi, baƙar fata ba ya zama ya ci abinci inda farare ke ci a garinsu, jefa ƙuri'a kuwa sai an ga jini. Suka fito zanga-zanga, aka sakar musu karnuka. Ya ja ƙafar wando ya nuna mini: rabin naman sha-raɓarsa babu. A garin nan dai ya zo ya hau kujerar shari'a.

Na ce, "Ku kuma ba ku rama ba?"

Ya ce a'a, horo ma aka ba su. Idan duka ya zo, ka durƙusa, ka haɗe hannuwa a ƙeya. Idan ɗan'uwanka ake duka, ka kwanta a kansa, a raba dukan biyu. Kada ka ɗaga wa kowa hannu.

Wallahi dariya na yi har da buga sitiyari. Na ce, "Baba, a nan in ka kwanta, tabarma za a mai da kai." Ya yi murmushi kawai.

Wata rana bayan la'asar ya matsa sai na kai shi unguwarmu ya ci tuwo. Mun shiga layin masu kayan gwari ke nan sai ihu ya tashi: "Harami! Harami!" wato ɓarawo. An fizge jakar wata mata.

Ga inda tsautsayin yake. Mu marasa takarda, ko faranti ne ya faɗi, ƙafa muke ba wa iska, don mun ɗauka kame ne. Ƙanena ya ji hayaniya, ya yar da buhun albasa ya zura. Wanda ke gudu kuwa ai shi ne ɓarawo.

A gaban idona suka taɗe shi. Wani ya sa masa takalmi a baki, na ga haƙori ya yi tsalle. Wani da itacen akwati mai ƙusa, wani da bututun ƙarfe. Na kutsa ina ihu da Larabci, "Ɗan'uwana ne!" Na kai wa ɗaya naushi, sai aka ce ga abokin satarsa. Aka fasa mini gira, jini ya rufe mini ido. Kiran askarawa kuma ba zai yiwu ba: su zo, a tasa ƙeyarmu gida, matar ƙanena da cikinta da 'ya'yana uku su kwana a titi. Ƙanena ya daina kare kansa. Na san kashe shi za su yi.

Sai na ga sanda a ƙasa. Tsohon nan ya ratsa mutane da ɗingishinsa, ya durƙusa, ya kife a kan ƙanena, ya haɗe hannuwa a ƙeya. Mai bututu ya riga ya ɗaga. Ƙarar da na ji har yau tana kunnena. Yatsunsa suka karye, ƙeyar ta tsage, farin gashin ya koma ja. Wani ya ƙara masa ƙafa a haƙarƙari. Bai motsa ba.

Wata tsohuwa ce ta hango katin mahajjata a wuyansa, ta ƙwala ihu, "Baƙon Allah kuka daka, la'anannu!" Kafin ka ce kwabo layin ya watse, sai albasa da takalma.

Na kwashe su a mota ina kuka kamar mace mai naƙuda. Na ajiye ƙanena wajen wani ɗan Nijar mai ɗori, na nufi asibiti da tsohon. Muna hango ƙofa ya ce in tsaya.

"Ɗana, in ka shiga da ni, me za su fara tambayarka?"

Na ce, "Igama."

"To sauke ni a nan."

Na rantse ba zan yi ba. Ya daka mini tsawa irin wadda ban taɓa ji a bakinsa ba, muryar kotu sak: "Tafi!"

Na tafi. Ta madubi na gan shi yana taka titi shi kaɗai, ba sanda, hannu a naɗe cikin rigar da ta jiƙe da jini. Da na koma masaukin daga baya, aka ce 'yan'uwansa da suka zo tare sun kwashe kayansa, ban sake jin ɗuriyarsa ba.

Ƙanena ya rayu, da wawulo da ɗingishi. Matarsa ta haifi namiji, muka so mu yi wa tsohon takwara, sai muka rasa sunan da za mu sa masa, don ban taɓa tambayar tsohon sunansa ba. Alƙali muke ce wa yaron.