Hannun Kawu Mai Shafa Soso

A masana'antar kowa Kawu yake ce masa, har manajan da ya girme shi. Aikinsa shafa. Ana yanko faifan farin soso mai tauri, wanda ake sa wa cikin eriyar turakun waya, a ajiye masa a tebur, shi kuma ya bi shi da tafin hannu daga wannan gefe zuwa wancan. Soson nan kusan duk iska ne, shi ya sa saƙo ke ratsa shi salin alin. Amma in robar da aka yi shi da ita ta dunƙule a wani wuri, to nan saƙon zai raunana. Ido ba ya ganin dunƙulen, fari ne cikin fari. Hannu ne ke jin sa.

Wallahi mutumin nan ya iya! Har tsokanarsa ake yi, wai da hannu ya zaɓi matarsa.

Sai yatsun suka fara mutuwa. Babu ciwo, babu kumburi, kawai kamar ya kwana a kansu. Likita ya ce jijiya ce, ya rubuta magani. Kawu ya sha, shiru kake ji. Bai gaya wa kowa ba, don in hannun ya tafi, teburin ya tafi. Kullum sai ya zo ya shafa, ya ɗaga kai sama kamar mai saurare, ya tura faifai gaba. A gida matarsa ta ga ya riƙe kofin shayi mai tururi ko gezau.

"Baban yara, ba ya ƙona ka?"

"Ya huce," in ji shi.

Da aka dawo da kaya kwali-kwali daga wurin masu haɗa eriya saboda dunƙule, manaja ya zo da kansa, ya shimfiɗa faifai biyu a teburin.

"Kawu, ɗaya lafiyayye ne, ɗaya da dunƙule. Wanne ne?"

Ya shafa na dama. Ya shafa na hagu. Ko canka ya yi, ai yana iya dacewa, kuma ya san haka sarai. Ya nemi tsoro a ransa, ko kunya, bai sami ko ɗaya ba. Ya gaji ne kawai.

"Ranka ya daɗe, ban ji komai ba."

"A wanne?"

"Duka. Har teburin."

Manaja ya sosa ƙeya, ya ce ya je gida ya huta, za a neme shi. Kowa a ɗakin ya san ma'anar wannan.

Ya tarar da matarsa tana ninke wanki a bakin gado. Ya zauna kusa da ita ya faɗa mata a taƙaice, idonsa na kan bango. Ta daina ninke wankin. Ya ɗauka fushi take yi. Sai da ya sunkuyar da kai ya ga ashe tun ɗazu tana riƙe da hannunsa.